Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Makarantar Likitanci Ta Jami'ar KNUST



Tun 1975 Asibitin Komfo Anokye ke horar da ɗalibanku, kuma mu 'yan Zangon Kumasi mun ci moriyarsa. Sai dai wanda ya isa can yawanci ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ɗalibi yana ganin ƙarshen cuta, farkonta kuwa yana unguwanninmu na Asawase da Aboabo da Sabon Zango.

Roƙonmu shi ne ku turo mana ɗaliban ƙananan asibitocin unguwa, su yi watanni a hannun ma'aikatan jinya da ungozomomin da suka san gidajenmu. A nan ne za su gamu da dattijo mai ciwon suga wanda ya ƙudurta sai ya yi azumin Ramadan, su koyi daidaita masa lokacin magani maimakon yi masa faɗa. A nan za su gane dalilin da mai ciki ke jinkirta zuwa awo in ta ji namiji ne zai duba ta. Za su kuma iya tambayar tsohuwa da Hausa inda ke mata ciwo, ba sai jikanta ya tsaya tafinta tana jin nauyinsa ba.

Ghana ta san amfanin wannan hanya. Tsarin kai kiwon lafiya cikin al'umma na CHPS daga gwajin da aka yi a Navrongo ya samo asali, inda aka zaunar da ma'aikatan jinya cikin jama'a.

Ku zauna da hukumar lafiya ta yankin Ashanti da sarakunan Zango da limamanmu, a tsara yadda za a fara. Masauki da tarbar ɗaliban kuwa, wannan ku bar mana.

Wassalam,
Wani mazaunin Aboabo, Kumasi