Filin Wasanni: Shimfiɗar Cikin Takalmi Ga Mai Jiki

A shekarar 1960 ne Abebe Bikila, mutumin Habasha, ya ci gudun fanfalaki a birnin Rum ba ko takalmi a ƙafarsa. Amma kada mai ƙiba ya ji labarin nan ya ce zai gwada, gama Bikila siriri ne, kuma ko shi da ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964, da takalmi ya yi gudun.

Masana sun auna cewa duk sa'ad da mai gudu ya dira ƙafa, nauyin da ke sauka a kanta yakan ninka nauyin jikinsa sau 2 zuwa 3. Watau mai kilo 100, ƙafarsa na karɓar kilo 200 zuwa 300 a kowane taku. Wadda ke shan wahalar ita ce jijiyar nan mai faɗi da ta taso daga diddige zuwa yatsu. In ta gaji, sai mutum ya tashi da asuba ya kasa taka ƙasa don zafin diddige, daga nan kuwa motsa jikin da aka fara domin rage ƙiba ya tsaya ke nan.

Shimfiɗar da kamfani ke sakawa cikin takalmin gudu galibi siririn soso ne da ake kira EVA, wanda ba ya daɗewa ƙarƙashin nauyi sai ya lotse. Da yawa kan nemi wadda ta fi taushi, alhali kuwa mai taushin ce ke fara mutuwa. Abin da ya dace da mai jiki shi ne shimfiɗa mai ɗan tauri, wadda in aka danna ta da babban yatsa take komowa yadda take, mai zurfin mazaunin diddige, wadda kuma tudunta ya dace da lanƙwasar tafin ƙafarsa. Domin sanin wannan, sai ya jiƙa ƙafa ya taka siminti. In sawun ya fito cif, tafin a shimfiɗe yake, tudu kaɗan ya ishe shi. In tsakiyar sawun ta tsuke ƙwarai, yana bukatar mai tudu sosai.

A zare tsohuwar kafin a sa sabuwar, domin haɗa biyu na matse yatsu. A gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da ake gudu da ita. A kwanakin farko a yi ta tafiya da ita tukuna, sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai shimfiɗa ba ta rayar da mataccen takalmi. Akan shawarci mai gudu ya sake takalmi bayan kilomita 500 zuwa 800, mai nauyi kuwa nasa ya fi saurin lotsewa. Wanda ciwon diddige ya ƙi bari, da mai ciwon sukari, su fara ganin likita kafin su nufi kasuwa. Rigakafi ya fi magani.