Jeren Aro Ba Ya Rufe Katara



Wata sabuwar sarauta ta yaɗu a tsakanin samarin Muchia, har ta kai Samaru da lungunan Sabon Gari: yanzu kowa koci ne. Yaron shago, mai Keke Napep, ɗalibin jami'ar Ahmadu Bello, kowa da ƙungiyarsa a cikin waya. Wasannin da muke magana a kansu, irin su Top Eleven da OSM, ba a buga ƙwallon da yatsa a cikinsu. Aikinka shi ne ka sayi 'yan wasa, ka horar da su, ka jera su a fili, ka ba su umarni, sannan ka koma gefe na'ura ta lissafa abin da zai faru tsakaninka da wani mutum da wataƙila yana Tudun Wada, wataƙila kuma yana Indonesiya. Top Eleven dai wani kamfanin ƙasar Sabiya mai suna Nordeus ne ya fitar da shi a Facebook a shekarar 2010, kuma kwana 28 ake yi a kammala kaka guda. OSM kuwa daga ƙasar Holan ya fito, shi ne samarinmu suka fi buɗe gasar unguwa a cikinsa, abokai su raba ƙungiyoyi a tsakaninsu, wanda ya zo na ƙarshe ya sha tsiya a teburin mai shayi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cikin waɗannan gasanni. Hoton allon waya ne ke yawo a WhatsApp, an rubuta a kansa wai ga jeren da ba a taɓa doke shi ba: 4-3-3 kaza, matsa kaza zuwa 70, kunna kaza, kashe kaza. Yaro ya kwafa bai san dalilin ko ɗaya ba. In ya ci, ya ce jeren yana aiki. In aka lallasa shi, ya ce wasan maguɗi ne, ya tafi YouTube neman wani hoton. Mu a ganinmu wannan kwafe-kwafen yana kashe abu ɗaya tilo mai amfani da wasan zai iya koya wa mutum, wato ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi abokin karawarsa, ya yanke shawara da kansa. Kuma muna ganin akwai laifinmu marubuta a ciki, amma bari mu fara da ƙwallon.

Lambobin nan uku ba su faɗi komai ba sai inda mutane goma za su tsaya kafin a busa usur. Amfaninsu yana fitowa ne idan ka ɗora naka a kan na abokin karawa ka yi ƙidaya. Ka fito da 4-4-2, shi ya fito da 4-3-3: a tsakiyar fili kana da mutum biyu, yana da uku. Kullum akwai ɗaya nasa da ba wanda ke riƙe da shi, kuma ta ƙafar wannan ɗayan ƙwallo za ta riƙa wucewa. Ko dai ka umarci ɗaya daga cikin 'yan gabanka biyu ya riƙa komowa baya, ko ka haƙura da tsakiyar gaba ɗaya ka bi ta gefe, inda kai ne ke da mutum biyu-biyu. Haka in ka sa 'yan baya uku. Idan yana da 'yan gaba biyu, ka yi daidai, biyu su riƙe biyu, ɗaya ya rage yana share abin da ya zubo. Idan kuwa ɗan gaba ɗaya ya ajiye, to ka tara ƙarti uku suna gadin mutum guda, alhali a wani wuri a fili ana neman su. Hoton da aka turo maka bai san wane jere abokin karawarka na yau zai fito da shi ba, balle ya san cewa lamba biyunka ba ya da gudu.

Masu kallon Firimiya a gidajen kallo ba za su manta da Satumbar 2016 ba, lokacin da Arsenal ta zura wa Chelsea uku babu ko ɗaya. Bayan wannan kashin ne Antonio Conte ya koma 3-4-3, ya ci wasa 13 a jere, ya ɗauki kofin da maki 93. Abin da masu kwafa suka riƙe shi ne lambobin. Abin da suka manta shi ne Victor Moses. Shekara uku Chelsea tana ba da shi aro, daga Liverpool zuwa Stoke zuwa West Ham, don ba a ga inda za a sa shi ba. Conte ya dube shi ya ga mutum mai huhu, mai gudu, wanda zai iya hawa da sauka a gefen dama minti 90, sai ya ba shi gefen gaba ɗaya. Ya janyo Azpilicueta cikin 'yan baya uku, ya bar Kante da Matic a tsakiya suna aikin mutum uku. In ka cire Moses da Kante ka sa wasu marasa ƙafa, 3-4-3 ɗin nan ƙofa ce a buɗe. A kakar da ta gabaci wannan, Leicester ta ɗauki kofin da 4-4-2, jeren da ake yi wa kallon tsohon yayi, tana barin ƙwallo a ƙafar abokan karawa tana jiran Vardy ya samu fili.

Namu na gida ma haka. A gasar cin kofin duniya ta 2018 Kuroshiya ta ci Super Eagles biyu da nema, sai Gernot Rohr ya sauya zuwa 'yan baya uku a wasan Iceland, ya mai da Moses gefen da ya saba a Chelsea, ya sa Ahmed Musa da Iheanacho a gaba. Moses ne ya kawo wa Musa ƙwallon farko, Musa ya ƙara ta biyu da gudunsa. Mutanen da Rohr ke da su ne suka nuna masa jeren.

A cikin wayar ma dokar ɗaya ce, sai dai a nan komai lissafi ne. Ɗan wasan da ka sa a gurbin da ba nasa ba, ƙarfinsa raguwa yake yi. Umarnin matse abokan karawa tun daga gidansu yana da daɗin ji, amma yana cinye ƙarfin 'yan wasa, kuma a Top Eleven kana iya samun wasan lig da na kofi a rana ɗaya. Wanda ya ƙone yaransa da rana, da dare sai ya fito da gajiyayyu. Tarkon satar gida yana buƙatar 'yan baya masu gudu. In naka tsofaffi ne kuma ɗan gaban wancan barewa ne, da hannunka ka ba shi fili. A OSM ana nuna maka alƙalin wasa kafin a fara, a gaya maka ko mai zafi ne ko mai sauƙi, amma za ka ga yaro ya bar umarnin shiga da ƙarfi yadda ya gan shi a hoto, jan kati ya fito, ya zo yana rantsuwa an zalunce shi. Duk waɗannan bayanai a buɗe suke a gabansa. Minti biyar ya isa ya duba su.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙera waya. A wasan dara, gurbi 30 ne, kowa da 'ya'yansa 12, kuma rabin wasan yana cikin zubi. Ka ajiye ɗaya, ka ga inda ya ajiye nasa, sannan ka ajiye na gaba. Babu gwanin darar da zai zo gindin bishiya da zubin da ya haddace daga gida ya zuba ido rufe. Dattawan da ke kallo ma dariya za su yi masa.

Wani abin da ya kamata a gaya wa yaran nan shi ne akwai sa'a a cikin lissafin. Ƙungiya mai ƙarfi takan sha kashi a hannun mai rauni, kamar yadda yake a fili. Saboda haka wasa ɗaya ba ya tabbatar da komai, kuma mai sauya jere duk ranar da aka ci shi ba zai taɓa gane abin da ke damun ƙungiyarsa ba. A bar jere ya yi wasa biyar ko shida, a riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya, a duba ta wane gefe ƙwallayen ke shigowa.

Mun san wasunku tun ɗazu suna cewa: duk wannan ɓata lokaci ne, a gaya musu su ajiye waya kawai. Akwai gaskiya a ciki, ba za mu ɓoye ba. Wasannin kyauta ake sauke su, amma kamfanonin da sayar da token suke cin abinci, kuma an tsara komai ne don ka riƙa leƙowa safe da yamma. Ga kuɗin data, ga na caji, ga wanda ke katse karatu don gwanjon ɗan wasa zai rufe. Mafi muni, daga "na iya karanta wasa" zuwa shagon caca taku kaɗan ne, wannan kuwa ba mu da sassauci a kansa. Sai dai shekara nawa ana wa'azin a ajiye waya, wa ya ajiye? Kuma mu lura, wanda bai fahimci wasan ba shi ya fi saurin zaro kuɗi, domin in jeren aro ya ƙi ci, abin da ya rage masa shi ne ya sayi ƙarfi. Wanda ya iya ƙidayar da muka yi a sama yakan daɗe bai taɓa aljihunsa ba.

To ina laifin marubuta? Yaron nan yana kwafar lambobi ne saboda lambobin kaɗai yake ganewa. Bayanin dalilai duk da Turanci yake, Turancin ma na masu sharhin ƙwallo, mai gudu. Da Hausa muna da labarin wa ya ci wa, da wa za a saya, da wa aka kora. Bayanin yadda aka yi aka ci shi ne ya yi ƙaranci. Abin kunya ne a ce haka a Zariya, garin da Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda su Abubakar Imam suka yi ta bayyana wa Bahaushe yaƙin duniya da harkokin mulki da harshensa. 'Yan rediyo ma sun yi nasu: wanda ya fara cewa "bugun daga kai sai mai tsaron gida" ya yi aikin marubuci, don jimlar tana nuna maka hoton gaba ɗaya. "Satar gida" ma haka. Daga nan aka tsaya, ƙwallo kuwa ta ci gaba.

Ko a ƙagaggun labaranmu na intanet abin haka yake. Jarumi kullum ɗan mai kuɗi ne da ya dawo daga Dubai. Ba mu cika cin karo da saurayin Muchia da ke lissafin ko cajinsa zai kai ƙarfe tara ba, wanda abotarsa ta shekara goma ke rawa saboda abokinsa ya saye masa ɗan gaba a gwanjo. Akwai kishi a nan, akwai girman kai, akwai bashi, duk kayan labari.

Ga abin da muke ba da shawara a fara da shi, tunda aikin kalmomi namu ne. Abin da samari ke kira fomeshan, "jere" ya wadatar, kamar yadda muka yi amfani da shi a nan. Umarnin da ake bai wa 'yan wasa kuma "dabara". Matse abokin karawa a gidansa mu ce "matsi", kai hari da zarar an ƙwace ƙwallo mu ce "harin ramuwa". Lamba shida da lamba goma ba sa buƙatar sabon suna, filin unguwa ya riga ya raɗa musu. Kada kuma mu ji kunyar aro inda bakin mutane ya riga ya karɓa: fasin, kwana, gola, benci, duk sun zama namu, wanda ya ce sai ya kore su zai rubuta abin da ba mai karantawa. Mutum ɗaya a cikinmu ya ɗauki wasan Chelsea da Arsenal na 2016 ya bayyana shi a shafi biyu, wani ya ɗauki allon dabarun OSM ya bi shi layi-layi, a ba yaron shago ya karanta, in ya gane an yi nasara.

Inda muka maƙale shi ne gurbin Victor Moses. Ba lamba biyu ba ne, don ya fi shi hawa. Ba lamba bakwai ba ne, don ya fi shi komowa. Wasunmu sun ce "mai hawa da sauka", wasu sun ce ya yi kama da sunan ɗan dako. Wasu sun kawo "ɗan sintiri", tunda aikinsa kai-komo ne a layi guda daga wannan tuta zuwa waccan. Mu mun fi karkata ga na biyun, amma ba mu gwada shi a gidan kallo ba tukuna, kuma can ne za a yanke hukunci. Wanda ke da wanda ya fi shi, ya kawo kafin makon gobe.