Filin Uwargida: Ɓaure ya nuna, kada a bar shi ya ruɓe

Duk wanda ya tashi kusa da fadama ya san ɓaure. Akwai shi a bakin Gulbin Maraɗi, da koramun ƙasar Damagaram, da kwarin Majiya a ƙasar Tawa. Icce ne mai son ruwa, mai inuwa. Ɗiyansa suna fitowa cunkus a jikin manyan rassa. In sun nuna, yara su ci, tsuntsaye su ci, awaki su tsinci na ƙasa. Sauran kuwa sai su ruɓe a gindin icce, domin ɗan ɓaure ba ya jimawa. Kwana 2 ko 3 bayan tsinka, ya lalace.

Wannan asara ce. A farin 1973 da na 1984 mutanen karkara da yawa sun koma ga ɗiyan itatuwan daji, irin su anza mai ɗaci, wadda sai an jiƙa ta kwanaki kafin ta ciwu. Ɓaure ba ya buƙatar wannan wahala. Abin da yake so kawai a tsinke shi a kan lokaci, a gyara, a gasa ko a shanya.

Maganar ƙwarin ciki

An saba cewa mai son cin ɓaure ba ya tona cikinsa. Uwargida kuwa sai ta tona. Ga dalili.

Furen ɓaure ba a waje yake ba, a cikin ɗan yake. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro, dangin zanzaro, shi ne yake shiga ta ƙaramar ƙofar da ke bakin ɗan. Yana ɗauke da garin fure daga wani ɓaure, kuma a ciki yake yin ƙwai. In ba don shi ba, ɓaure ba zai yi iri ba. Wannan ƙwaro ba dafi gare shi ba. Amma in ɗan ya faɗi ƙasa, tururuwa da tsutsa da ƙazantar dabbobi suna samunsa. Waɗannan su ne ke sa yara zawo.

Don haka a tsinka daga kan icce. Na ƙasa a bar wa awaki, haka ma wanda jemage ko tsuntsu ya gatsa. A zaɓi wanda ya yi laushi, launinsa ya koma ruwan ɗorawa ko ja-ja. Ɗanye yana da farin ruwa mai danƙo wanda kan sa ƙaiƙayi a hannu da baki. A wanke da ruwa mai tsabta, a yanke hancin, a tsaga biyu, a kankare ƙwarin da bakin cokali, a sake ɗaurayewa.

Gurasar ɓaure

Awo da gwangwanin madara ne. Ga kayan haɗi:

Ɓaure gyararre, gwangwani 2
Garin alkama, gwangwani 3
Garin hatsi mai laushi, gwangwani 1
Sukari, rabin gwangwani, ko zuma cokali 4
Man gyaɗa ko man shanu, cokali 3
Ƙwai 2, in akwai
Yis irin na fanke, ƙaramin cokali 1
Gishiri kaɗan, da rabin lemun tsami

Da farko a yayyanka ɓauren ƙanana. A zuba a tukunya da ruwa rabin gwangwani, da sukari, da ruwan lemun tsami. A dafa da wuta kaɗan ana motsawa, kamar minti 15, har ya yi kauri. Ɓauren fadama ba ya da zaƙi ƙwarai, shi ya sa ake ƙara masa sukari. A sauke ya huce. In aka zuba shi da zafi a cikin ƙulli, zai kashe yis, gurasa ta ƙi tashi.

A haɗa garin alkama da na hatsi da gishiri da yis. A zuba mai da ƙwai da ruwan ɗumi, a kwaɓa har ya yi laushi, kada ya yi ruwa kamar ƙullin masa. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a ajiye wuri mai ɗumi awa 1. In ya kumbura, a zuba dafaffen ɓauren a juya.

Wadda ba ta da tanderu kada ta damu. A samo babbar tukunyar ƙarfe, a zuba yashi mai tsabta a gindinta, kaurin yatsa 2, a ɗora a wuta ta yi zafi. A shafa mai a kwanon ƙarfe, a zuba ƙullin rabin kwano, a ɗora kan yashi. A rufe tukunya, a zuba garwashi a kan murfi. Wutar ƙasa ta zama kaɗan, in ba haka ba gindi ya ƙone, ciki ɗanye. Bayan minti 30 a soka tsinke a tsakiya. In ya fito ba ƙulli a jikinsa, ta gasu. In da saura, a ƙara minti 10.

Wannan gurasa tana kwana 2 ba ta lalace ba. Ta dace da ɗan makaranta da mai tafiya kiwo. Amma wadda aka sa wa zuma, kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Likitoci sun hana, domin zuma kan ɗauki wata cuta da cikin jariri ba ya iya kashewa.

Ajiya don bazara

Ba duka za a gasa ba. A ƙasashen Turkiyya da Aljeriya da Maroko ana noman wani ɗan'uwan ɓaure mai zaƙi, wanda Larabawa suke kira tin. Can, abin da ba a ci ɗanye ba shanya shi ake yi, a ci har shekara ta zagayo. Haka za a yi da na fadama.

A jera tsagaggen ɓaure a kan tabarma mai tsabta, cikinsa yana duban sama. A ɗora kan rumfa, nesa da awaki da kaji, a rufe da siririn ƙyalle saboda ƙuda. A riƙa juyawa, da dare a shigar ɗaki. Cikin kwana 4 ko 5 na rana mai ƙarfi zai bushe. In an matsa ba ruwa, ya isa. A zuba a tulu busasshe, a liƙe baki. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a ci. Ranar amfani a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a yi gurasa, ko a daka a zuba a kunun yara.

Aikin maigida

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da icce a tsaye. Ganyen ɓaure abincin bisashe ne da rani, amma makiyayin da ya sassare rassa duka ya kashe na baɗi. A yanki kaɗan, a bar saura. Mai gona a fadama kuma yana iya dasa nasa: a yanko reshe mai kauri, a kafa shi a farkon damina, a kewaye da ƙaya. Kada a dasa kusa da rijiya ko bangon ɗaki, saiwarsa tana tafiya nesa. Mai neman ƙarin bayani ya tambayi ma'aikatan gandun daji na yankinsa.

Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabtanta wannan fili kafin ɓaure ya wuce.