Uwar Garke a Ƙasar Ƙura da Zafi

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, duk ofishin da bayanansa ke intanet kaɗai ya wayi gari hannu rabbana. Asibiti a Zurmi ko makaranta a Shinkafi na buƙatar ƙaramar uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe wa sauran kwamfutocin gida bayanai, ko da layi ko babu.

Yadda aka haɗa ta ya fi sunan kamfaninta muhimmanci. Faifan ajiya biyu ake sanyawa, kowanne na ɗauke da abin da ke cikin ɗan'uwansa, tsarin da ake kira RAID 1, domin kada mutuwar ɗaya ta tafi da rajistar marasa lafiya. Ma'adanar RAM ta kasance mai ECC, wadda ke gyara ƙananan kurakurai da kanta. Da hunturu busasshiyar iska kan tara lantarki a jikin mutum, taɓawa ɗaya na iya lalata babban allo. Shi ya sa mai haɗi ke ɗaura igiyar sauke lantarki a wuyan hannu. Zafin bazara sai fanka, ɗaukewar wuta sai batirin UPS.

Wannan sana'ar hannu ce, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ta fi cancanta ta yaye masu yin ta. Hukumar da ta sayi na'ura babu mai gyara a kusa, sai ta jira wani daga Gusau, ta hanyar da matafiya ke bi da fargaba.