Ƙattin Agwagin Da Ke Rikita Maharban Amurka

Duk shekara idan hunturu ya kama a Amurka, agwagin daji kan taso daga Kanada su gangaro kudu neman sassaucin sanyi, maharba kuwa na laɓe a bakin tafkuna da gonakin shinkafa na jihar Arkansas suna jiransu. Wadda suka fi so a cikinsu ita ce malad, wadda toronta ke da koren kai mai sheƙi da farin zobe a wuya. Daga gare ta ne galibin agwagin gida na duniya suka samo asali, ban da irin tamu mai jan tsiro a fuska, wadda tushenta ƙasashen kudu da Amurka ne.

Toron malad na daji, in ya ƙoshi, bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Amma lokaci-lokaci sai maharbi ya kado wani ƙato, ya ɗora a sikeli ya ga ya zarce haka nesa, ya shiga nuna wa abokai yana alfahari.

Tsofaffin maharba suna da nasu bayani. Sun ce akwai wani jinsi mai jajayen ƙafafu da ke zaune can ƙuryar arewa, ba ya tasowa sai ƙanƙara ta rufe ruwa. Masana sun ce sam, jinsin ɗaya ne. Idan sanyi ya yi nisa agwagwa ta riga ta yi kitse, gashinta ya cika, kuma lokacin zaɓen abokin zama ne ke sa ƙafar toro ta yi ja wur. Watau wanda aka raina a watan Oktoba shi ne ake jinjina wa a Janairu.

To, amma ƙaton da ya ninka sauran, kitse kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. Sau da yawa barbarar yanyawa ne. Akwai agwagwar gida ta Rouen, daga Faransa, wadda launinta sak na malad amma takan kai kilo 4 ko fiye. In mai ita ya gaji da ciyarwa ya sake ta a tafkin gari, sai ta haɗu da na daji, 'ya'yan su gaji jikin gida da fikafikan da ke iya ɗaga su.

Nan ne abin ya daina zama na raha. Tun daga shekarun 1920 masu sha'awar harbi suke sakin malad na kiwo a gabashin Amurka don su sami abin harba, kuma binciken ƙwayoyin gado da Philip Lavretsky na Jami'ar Texas ya jagoranta ya nuna mafi yawan malad na wannan shiyya yau suna ɗauke da jinin na kiwo. Tsuntsun da kakanninsa suka saba da hatsin kwano ba lalle ne ya iya tace abinci cikin laka ko ya jure doguwar tafiya kamar na daji ba. Yawansu a gabas ya ragu har hukuma ta rage wa kowane maharbi rabonsa na yini daga 4 zuwa 2 a 2019, kafin ta mayar da shi a 2023.

A New Zealand, inda Turawa suka kai malad da hannunsu, ta cuɗanya da agwagwar ƙasar mai ruwan toka har tsantsarta ta yi wuyar samu. Jihar Florida kuwa, don tsoron kada haka ta sami tata agwagwar, ta hana sakin malad na kiwo a ruwayenta.