Kada bidiyon minti ɗaya ya ja maka asarar yatsa

Jama'a, akwai bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook suna ba ni haushi. Za ka ga wani a Ingila ya ɗauko ƙarfen zubi mai ƙusumbi, ya ɗora a ƙaramin injin feƙe ƙarfe irin Myford ML7, wanda aka fara fitarwa a 1946, kafin ka ƙifta ido ya fitar da silindar ɗan injin tururi tana sheƙi. Sai ka ce ai aikin ba wuya. Wallahi yaudara ce! An yanke wurin da ya fi muhimmanci, wato yadda aka ɗaure ƙarfen.

Ni mai gyaran waya ne, na san fanel ɗin da bai zauna daram a mariƙinsa ba, kana sa masa zafi zai goce ka ƙona abin da ba ruwansa. To ina ga ƙarfen da ke juyawa?

Mariƙi mai haƙora uku na abu zagayayye ne ko mai gefe shida, domin haƙoransa tare suke matsowa. Ka cusa masa zubi mai karkace, haƙori ɗaya bai kama sosai ba, wuƙa na taɓawa sai ya yi tsalle ya nufo fuskarka. Irin wannan aikin na mai haƙora huɗu ne, wanda kowane haƙori da makulli ake saita shi daban. In ya ƙi zama, a ɗaure shi da notuna a faifan ƙarfe mai tsaguwa, ko a jikin ƙarfe mai siffar L. In nauyi ya rinjayi gefe ɗaya, a ɗaura wani ƙarfen a ɗaya gefen don kada inji ya yi ta rawa.

Sannan fatar zubi tauri gare ta, har da yashi a ciki. Yankan farko ya shiga ƙarƙashinta, a gudu kaɗan, in ba haka ba bakin wuƙa ya dakushe.

Duk wannan ba ya kawo mabiya, shi ya sa ake yanke shi. Ɗan'uwa, in za ka gwada, zare makulli daga mariƙi, ka juya aikin da hannu zagaye guda ka ga bai bugi komai ba, sannan ka kunna. Waya in ta lalace muna gyarawa, amma ba mu sayar da yatsa.