Gidan ƙasa ba ya ƙaura

A birnin Kawasaki na ƙasar Japan akwai wani gidan tarihi a fili, sunansa Nihon Minka-en, wanda aka buɗe a 1967. Tsofaffin gidajen manoma aka kwance daga ƙauyuka, aka kawo su can aka sake ɗaurawa. Har yau ana hura wuta a murhunan ɗakunan, saboda hayaƙi ne ke korar ƙwari daga ciyawar rufin.

Ina ganin Zamfara ta fi ko'ina buƙatar irin wannan wuri. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ta Kwatarkwashi ya ga yadda bulo da kwano suka ci soro. Wannan ba laifi ba ne, kowa na son ɗakin da ba ya yoyo. Amma ta'asar 'yan bindiga ta ƙara wa abin gudu: ƙauyen da mutanensa suka watse, damina kaɗan ta isa ta mai da shi kufai, rumbu da zaure da kago duk su kwanta.

Sai dai hanyar Japanawa ba za ta yi mana ba yadda take. Gidansu na katako ne, ana kwance shi a loda a mota. Namu tubali ne da azara, idan ka tashe shi ya zama ƙasa. Shi ya sa a Jos, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya, kwafin ganuwar Kano da na masallacin Zariya aka gina da sabuwar ƙasa. Kuma ginin ƙasa, ko na gidan tarihi ne, in bai sami yaɓe ba, ruwa ba ya jin kunyarsa.

Saboda haka abin adanawa a wurinmu shi ne magini: mutumin da ya san kwaɓin makuba, da ɗaurin guga, da inda za a kafa indararo don kada ruwa ya ci bango. Irinsu tsufa suke yi, 'ya'yansu kuwa sun koma siminti.

In gwamnatin jiha ta yanki fili a gindin dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, to kuɗin farko ba na katanga da ofis ba ne. A ɗauki magina albashi, a ba kowannensu almajirai, a sa ranar yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, a kai 'yan makarantar Gusau da Tsafe su taka ƙasa tare da su.